Garin Masara a Kan Bindigar Chileshe

Yotamu Jere bai taɓa harbin ko zomo ba, amma duk bindigar masu gadin gandun dajin Luangwa ta bi ta hannunsa, don shi ne mai gyara musu. Gajere ne, ga kunne ɗaya ya mutu, ga taurin kai. Matarsa Nelesi ta ce da bindiga na dafa tuwo, da tuni ya sake ta.

Wata safiya Chileshe, ɗaya daga cikin masu gadin, ya faɗo rumfarsa. Chileshe ɗan ƙabilar Bemba ne, Yotamu kuwa Ngoni, abokan wasa tun kakanni. Ya dungurar da bindigarsa, irin mai ɗora wa kanta harsashi.

"Maci ɓera, goge min ita. Sau biyu tana cijewa. Datti ne kawai, yau za mu shiga sintiri."

"Maci biri, yaushe ka zama likitanta?"

Yotamu ya warware ta, ya zaro ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle. Ido bai ga komai ba. Ya rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa da cokali, ya kara kunnensa mai rai. Ƙarar ba ta yi masa ba. Ya tsoma ƙarfen a kananzir, ya goge tas, ya ƙwala wa Nelesi kira ta kawo garin masara. Ta kawo tana mita, wai abincin 'ya'yanta ya koma hodar ƙarfe.

Ya barbaɗa, suka zuba ido. Can sai ga wani siririn layi ya jiƙe cikin farin garin, kamar gashi. Kananzir ɗin da ya ɓuya a tsaga ne ya fito.

"Ɗan wannan?" in ji Chileshe. "Ɗiga masa walda mana, mota na jirana."

"Walda a inda wuta ke dukansa? Rannan ɓauna za ta taso maka, ka ja kunama, ƙarfen nan ya tashi da rabin fuskarka. Da ma ba kyau gare ka ba. Gara in zuba garina a nan da in je makokinka ina shafa wa danginka shi a ka."

Haka ake yi tsakanin Bemba da Ngoni, in an yi rashi abokan wasa ne ke baɗe masu makoki da gari. Chileshe ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Mota ta tafi ta bar shi, ya zauna yana cika yana batsewa. Yotamu ko a jikinsa. Ya tono wata matacciyar bindiga irinta, ya cire nata ƙarfen, ya yi masa wankan kananzir da gari shi ma. Fari fat. Ya wuni yana gwadawa yana aunawa, har ya zauna daram.

Da la'asar suka je bakin tudun gwaji. Chileshe ya miƙa hannu, Yotamu ya buge hannun.

"Aikina ne. In zai ci fuska, tawa zai fara ci."

Ya manna kuncinsa a jikinta, ya saki wuta. Kwanso na fita ɗaya bayan ɗaya, ba cijewa, har ta ƙare. Sannan ya miƙa masa ita da hannu biyu.

Chileshe ya karɓa, ya ɗan rusuna, abin da bai taɓa yi wa Ngoni ba.

"Tashi," in ji Yotamu, "kar birai su gan ka."