Dattin Shekara Dubu Biyu

Dogara ɗan maƙerin azurfa ne daga Kano, kuma abu ɗaya ya gada a wurin mahaifinsa: ba ya iya ganin azurfa ta yi baƙi ya ƙyale ta. Shekararsa goma sha ɗaya a Liwan, can ƙasar Sin, yana loda wa 'yan kasuwa kaya a kwantena.

Shagon da ke jikin ofishinsa na Tsoho Liang ne, mai tara tsoffin kuɗi. Abin da tsohon ya fi ji da shi wasu kwabban azurfa ne na Keltawa, mutanen Turai na da can, ƙanana kamar farce, da hoton doki wanda daga gani mai zanen labarinsa kawai ya ji.

Da za a yi wa tsohon aikin ido, sai ya bar wa Dogara makulli don ya riƙa kunna na'urar tsotse danshi. A rana ta uku Dogara ya leƙa akwatin gilashi, ya ga halin da azurfar take ciki, tausayi ya kama shi. Ya samo lemon tsami da man goge baki, ya yi wa guda bakwai hidima har suka yi ƙyalli.

Matarsa Saude ce ta duba labarin kwabban a waya.

"Malam, wai baƙin nan shi ne darajarsu. Shekara dubu biyu yana taruwa."

"Datti ne fa."

"To, ka gama da shi a minti ashirin. Sannu da aiki."

Ya gwada mayar da baƙin da gwaiduwar ƙwai, yadda maƙera suke yi. Abin ya fito dabbare-dabbare, dole ya sake gogewa.

Aikin idon ya yi kyau ƙwarai. Da tsohon ya dawo, ya daɗe a kan akwatin bai ɗago ba. Dogara, wanda ya kwana uku yana haɗa ban haƙuri da Sinanci, ya fara da kiransa maigida: "Laoban, ni ne..."

"Meyo," in ji tsohon, wato babu komai, ya karɓi makullinsa har da godiya.

Bakwai ɗin suna nan cikin 'yan uwansu. Duk masanin da ya shigo sai ya nuna su ya tambaya ko tsohon ya fara ajiye jabu ne. Katangar da ke tsakanin shagunan ba ta da kauri. Dogara yana ji tsohon ya ce a'a, daga nan ba ya ƙara komai.