Sila da motar da hayaƙinta ya shaƙe ta

Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2019, na fara haɗuwa da Sila a garejinsa da ke Rikoto. Ni ne akawun wata ƙungiyar manoman dawa a Zuru, kuma motar ƙungiyar ce ta kai ni wurinsa, wata a-kori-kura mai shan gas. Wata biyu tana fitar da baƙin hayaƙi, in ta zo hawa a hanyar Wasagu sai ƙarfinta ya ƙare. Kanikawa biyu sun duba ta. Ɗaya ya canja nozul, ɗaya ya canja filta, ba abin da ya sauya.

Shugabanmu Sajan Kefas, tsohon soja, ya riga ya yanke hukunci cewa direbanmu Philemon ne ke zuƙe gas yana cikawa da kananzir. Ya kira kwamiti ranar Juma'a don a sallame shi. Shekara tara Philemon yana tuƙa mana mota, 'ya'yansa huɗu. Shi ya roƙe ni mu gwada Sila kafin ranar.

Sila gajere ne mai furfura, ya yi shekara ashirin da biyu yana gyaran motocin soja. Bai fara da sifana ba. Ya tsoma tsinke a tanki ya shinshina, ya ce babu kananzir. Sannan ya dube ni.

"Akawu, me ka rungume haka kamar jariri?"

"Littafin zirga-zirgar mota ne, Baba."

Ya karɓa ya bi da yatsa. Kowace rana na rubuta an tayar da ita ƙarfe shida, ta fita bakwai da rabi.

"Tsakanin shida da bakwai da rabi ina take zuwa?"

Philemon ya ce, "Ba ta zuwa ko'ina, Baba. Ɗumama ta nake. Oga ya ce haka ake yi a bariki, har ranar da babu tafiya."

Sila ya yi dariya har da tari. Ya buɗe gaban motar ya nuna mana wani bututu da ya taso daga hanyar salansa ya koma wurin da inji ke shaƙar iska, da bawul a tsakani. Ya ce da gangan aka yi shi. Mota tana maido da ɗan hayaƙinta ta gauraya da sabuwar iska, don wutar cikin inji ta rage zafi, gubar da ke fita ta ragu. In direba ya taka totur a hawa, bawul ɗin ya rufe ruf, inji ya sami iska zalla. Amma motar da ke tsaye tana aiki awa da rabi kullum, kunkunniya take tarawa a wurin.

Ya kwance bawul ɗin. Ya tura shi da sukuddireba, ya ƙi rufuwa, baƙin dasƙare ya tokare shi a buɗe.

Philemon ya ce, "Baba, a toshe bututun da faifan gwangwani mana, yadda wasu ke yi."

"Wanda ya ƙera ta ya fi ka gwangwani, yaro. Wankewa za mu yi."

Awa uku ya yi yana kankara da wankewa, yana tara kunkunniyar a gwangwanin madara. Ya duba tiyon da ke jan bawul ɗin, lafiya lau. Da la'asar muka gwada ta a hawa, ta haye a giya ta uku ba hayaƙi.

Ranar Juma'a Sila ya zo ofis da kansa, ba wanda ya gayyace shi. Ya ƙame a gaban Sajan Kefas ya sara masa, ya ajiye gwangwanin a kan tebur.

"Ga ɓarawonku, Sajan."

"Kofur Sila, wasa ka zo yi mini a gaban kwamiti?"

"Wa ya ba da odar ɗumama mota awa da rabi?"

"Ni. Haka muka yi wa manyan motoci, kai ma ka sani."

"Na sani, ni nake tayar da su. Amma waɗancan ba su da wannan bawul. Yaron nan odarka ya bi. In za a kori wani a kan wannan hayaƙin, sai dai a fara daga kujerar da kake kai."

Suka koma yarensu na C'lela, wanda ba na ji sosai, muryoyi suka tashi suka sauka. Can Sajan ya tura yatsa cikin gwangwanin, ya dubi baƙin da ya fito da shi, ya ce mini, "Rubuta: ɗumama mota minti biyar, ba ƙari." Maganar kora ba a sake tayar da ita ba. Philemon yana tuƙa mana mota har yau.

Bayan nan Sila ya duba mana motar sau goma sha ɗaya. A watan Maris na 2023 idanunsa suka fara rauni, ya bar wa ƙaninsa Francis garejin. An yi masa aikin ido ɗaya, ya samu sauƙi, amma bai koma riƙe sifana ba. Yanzu yana noman dawa a gonar gidansu, kuma ranar Asabar yakan zo garejin ya zauna a benci, ana kawo masa motoci ya saurari ƙararsu ya faɗi inda za a kwance.