Na kayar da surukina a bakin boda

Jama'a, yau girmana ya zube a boda.

Keke Napep ɗina na wajen bakanike, sai na ari babur in yi kabu-kabu. Fasinjan farko surukina ne, za shi Maraɗi. Mutumin da dama bai ɗauke ni a bakin komai ba.

Mun iso shingen kwastan, na taka birki, na zauna daram kamar a keke. Ban sauke ƙafa ba! Muka kife, hularsa ta gangara ƙarƙashin tirela.

'Yan kabu-kabu suka kwashe da dariya. Wani da ya san ni da keke ya ce, "Malam, taya ta ukun tana wajen bakanike."

Na ce, "Baba, sannu. Hau mu ƙarasa."

Ya kakkaɓe rigarsa, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Bar shi. Ni ban manta ina da ƙafa ba."