Tukunyar da Mamman ya kawo daga Gulma

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana tukunya a ɗakin karatu na Argungu ba. Shekarar samun 'yancin kai ce, ina ɗalibi, ina aikin hutu a ƙarƙashin Malam Bulus, akawun wurin.

Aikina shi ne karanta wa jama'a mujallu da Hausa. Wata Laraba na karanta labarin makiyayin da ya tsinci tuluna a kogo kusa da Tekun Gishiri, cikinsu naɗaɗɗun fatu masu rubutun Yahudawa. Har da littafin Ishaya, wanda ya girmi kwafin da ake da shi da shekara wajen dubu. Malam Bulus kuwa Kirista ne, farin ciki kamar ya taka rawa.

Ba a yi mako ba sai ga Mamman, wani manomi daga Gulma da ya ji labarin, rungume da 'yar tukunya mai baki a liƙe da laka. Yana haƙa tushen ɗaki a gidansu ya ci karo da ita.

Doka ta ce kayan tarihi ba a buɗe su, sai a sa musu lamba a aika Kaduna. Na auna ta, na zana ta, na shimfiɗa mata ƙaiƙayi a akwati.

Muna shirin buga ƙusa wata tsohuwa ta shigo tana haki.

"Mamman, shashasha! Cibiyakka ta a ciki! Ni na bizne ta ran da na haihe ka. In ta tai Kaduna, kai ma ba ka zama gida."

"Inna, haƙuri za ki yi," in ji Malam Bulus. "An riga an sa lamba."

Ta zauna daɓas a kan akwatin. "To, ku aika da ni."

Ni ban cika magana ba, amma na daure. "Ranka ya daɗe, dokar ta ce abin da ya girmi zuwan Turawa. Mamman ko furfura bai fara ba."

Malam Bulus ya dubi Mamman sama da ƙasa, ya kwashe da dariya, ya soke lambar.

Daga ranar na koyi cewa duk abin da aka liƙe aka binne yana da mai shi. Kafin in ɗauko ma'auni, sai na fara tambaya ko tsohuwar gidan tana da rai.