Karan Dawa a Kan Bangon Kaka

Maƙwabcina yana fasa bango tun safe, kuma duk bugun gudumar sai ya mayar da ni gidanmu na zangon Yendi, shekarun da aka sami mulkin kai. Gidan soro ne, rufin azara da ƙasa, wanda kakanmu ya gina kafin a haifi mahaifina.

Kakata, mahaifiyar Baba, tana da ɗan ɗakinta a jikin na Innata, bango ɗaya ne tsakaninsu. Bangon nan kauri gare shi, ko ihu ka yi ba a ji. Wata asuba Kaka ta zame wajen alwala, ta kwanta a ƙasa har rana ta fito ba wanda ya sani. Da labari ya kai Bawku, Gwaggo ta hawo motar goro ta zo. Ta ce a haɗa mata kayan uwarta, tunda mu mun kasa.

Kaka ta ce ba inda za ta. A Yendi aka binne mijinta, a Yendi za a binne ta. Baba ya ce to a cire bangon, ɗakunan su zama ɗaya, Inna ta riƙa ganin motsinta. Sai dai ba wanda ya san ko azarar rufin a kan bangon take zaune, ko kuwa ta ƙetare shi ne kawai. An yaɓe ta da ƙasa, ba a ganin komai. In bangon ne ke ɗauke da soron, magana ta ƙare, Kaka sai Bawku.

Aka kira wani magini Badagombe, ɗan asalin garin, mutum mai sanyin aiki har ya ba ka haushi. Ya kafa gwafanni kusa da bangon, ya bar 'yar rata tsakaninsu da rufin don su tare shi in ya sauko. Ya sassaƙe saman bangon kamar taƙi ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sannan ya yanka busassun karan dawa, ya tsayar da su a cikin ratar, kansu na taɓa azara.

"Malam, ni ban sani ba, kai ban sani ba," in ji shi da irin Hausarsa. "Ruwa zai zo, soro zai yi nauyi. In ya zauna, kara zai karye."

Muka zauna jiran ruwa. Kaka ta ƙi kwana ko'ina sai a ɗakinta, da kyar aka jawo gadonta bakin ƙofa. Wuni take tana kallon karan nan, carbi a hannu. Gwaggo kuwa ta riga ta ɗaure mata kwanonin tasa a zani. Ni tsoro nake ji ƙwarai, don Kaka ce ke ɓoye min ƙanzon tuwo, tana kirana maigidanta marowaci.

Ruwan farko ya sauka da la'asar kamar da bakin ƙwarya, har indararo na amai. Washegari muka shiga, sai ga kara ɗaya a ƙasa. Baba ya dafa bango.

"Kaza ce ta hau," in ji Kaka.

"Inna, ki ji tsoron Allah," in ji Gwaggo, tana duban uwarta. "Wace kaza?"

Maginin ya ɗauki karan, ya jujjuya shi. Bai karye ba, bai ko lanƙwasa ba. Ya mayar da shi gurbinsa, ya shiga daidai yadda ya yanka shi. Azarar ba ta motsa ba. Baba ya sauke wata ajiyar zuciya da har yau nake jin ta. Gwaggo ta zauna ta kwance zanin kwanonin da kanta, tana hawaye tana dariya, tana cewa ita dai ba ta yarda da zancen kazar ba.

Yanzu bulo da kwano ake yi, a kira mai zane ya faɗa maka wane bango ne ke ɗauke da gida. Hakan ya fi, ban musa ba, ba mai sake zama jiran ruwa da tsohuwarsa a ƙarƙashin soro. Bayan an rushe bangon, Kaka ta ƙara shekaru masu dama a babban ɗakin, tana mitar cewa Inna na minshari. Ranar da numfashinta ya canza, Inna tana tsintar shinkafa a ɗaya gefen. Ta ji, ta ajiye faifan, ta isa kanta tana laƙƙana mata kalmar shahada.