Katako Tsirara

Shekara talatin da ɗoriya Mai Zayyana yana kafintanci a shagonsa na bakin kwana, kuma ba a taɓa ganin katako ya fita daga hannunsa yadda Allah ya halicce shi ba. Ka kai masa aikin benci, ya dawo maka da fure a kowace kusurwa. Kan gadon da ya sassaƙa kuwa, sai ƙarti huɗu sun yi nishi kafin ya shige ƙofa, ga ganye, ga tsuntsu, ga ruwan gwal. Ko maratayin tawul bai tsira ba. Matarsa takan ce duk ranar da barci ya kwashe ta a shagon, da fure a goshi za ta farka.

Sai dai akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Tun yana koyon aiki hannunsa bai iya haɗi ba. Duk inda katako biyu suka gamu sai an samu 'yar kafa a tsakani. Sai ya kwaɓa garin katako da gam ya toshe, ya bi da fenti mai duhu, ya dasa fure a kai. Mutane na yabon fure, shi yana ajiyar zuciya. Da haka ya gina gida, ya saka yara biyar a makaranta.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ita ta karanci tsara cikin gida. Wata safiya ta shigo shagon, ta gaishe shi, ta miƙa masa waya.

"Baba, aiki na kawo maka. Wata likita ce take gyara falonta, irin tsarin mutanen Japan take so."

Ya ƙura wa hoton ido. Falo ne fayau, bango fari, shimfiɗa kamar tabarma, sai wani teburi da bai kai gwiwa ba.

"To, ina kayan?"

"Su ke nan."

"Ɓarayi ne suka shiga musu, ko tashi za su yi?"

Ta yi dariya. "Teburin za ka yi min. Ba fenti, ba fure, ba ƙusa ko ɗaya. Katako zai shiga cikin katako ya riƙe kansa, mai kawai za a shafa."

"Uwata, ai wannan tsiraici ne. Likita guda, a ce ko ɗan ganye babu?"

"Ko ɗigo, Baba."

Ya ce to da ƙarfinsa, amma ya san inda matsalar take. Teburi irin wannan ba shi da maɓoya. Duk wanda ya zauna a ƙasa, idonsa daidai haɗin yake, kuma wadda za ta fara dubawa 'yar da ta taso tana cika baki da shi ce.

Teburin farko da ya haɗa ya yi rawa kamar haƙorin tsohuwa. Na biyu ya matse, da ya sa guduma sai ya tsage. Mai walda na maƙwabta ya leƙo ya tambaya ko yaushe za a yi zaman makokin katakon da ya kashe. Washegari Mai Zayyana ya je ya yanko tabarau ɗin da ya shekara biyar yana cewa na malalata ne, ya wasa kayan aikinsa kaf, ya koma awo kamar sabon shiga. Yakan auna sau uku kafin ya ɗora zarto, shi da a da ido kawai yake sawa ya ce Allah ya kiyaye.

A kwana na sha ɗaya ƙafa uku suka zauna daram, ko iska ba za ta ratsa ba. Ta huɗu ta bar kafa siririya kamar gashi. Gwangwanin gam na nan kusa da gwiwar hannunsa, kuma minti biyu ya ishe shi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tura shi ƙarƙashin benci da ƙafa.

Da Uwata ta zo, ta durƙusa tana bin haɗin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta kai na huɗun ya riga ta.

"Ga shi nan, akwai kafa. Kuma ki sani, duk furannin nan da kike gani tun kina yarinya, irinta suke rufewa. Ubanki bai taɓa iya haɗi ba."

Ya faɗa yana kallon ƙasa, kunya kamar ta kashe shi. Ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta shafa katakon.

"Baba, wa yake kwaɓa maka gam ɗin lokacin ina firamare? Na sani mana. Abu ɗaya naka nake so in nuna wa mutane, in ce hannun babana ne, ba fenti a kai. Wannan kafar ma a bar min ita."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Can ya yi ƙasa da murya.

"Uwarki fa? Kada dai ki faɗa mata."

"Haba Baba. Ita ta koya min kwaɓin."