Taken Yayana a Bayan Motar Kamfen

Abokina ya ɗauki taken yayana, wanda ruwa ya ci, ya ɗora wa ɗan siyasa. Abin da ya yi min ke nan, kuma na fara da shi ne don kada wani ya karanta har ƙarshe yana jiran abin da ya fi wannan. Shekarun baya ne aka yi, an daɗe. Ku da kuke bibiyata a nan kun sha tambayata me ya raba ni da mawaƙin rok ɗin nan da kuke kira muryar talaka. Ba zan kama sunansa ba. Wanda ya sani ya sani.

Yaran yanzu da yawa ba su san take ba, don haka bari in fara daga nan. Mahaifina makaɗin noma ne a wani ƙauye a ƙasar Taura. In an yi gayya, kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da nasa kiɗan. Ba sai an buɗe baki ba, ganga ce za ta kira shi, kowa a gonar ya san da wa ake. Yayana ya samu nasa tun yana saurayi, Baba ne ya tsara masa da hannunsa. In aka kaɗa shi, za ka ga mutumin nan ya duƙa da garma kamar zai tsaga ƙasar biyu. Ni ba a taɓa yi min take ba, don ni ko kunya ɗaya na ja sai na nemi inuwa.

Yayan nawa shi ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifiyata ta kama sunansa ba. Sai dai "wancan," ko "babbanku." In tuwo ya sauka tana son ya shigo, sai ta kife ƙwarya ta kaɗa masa takensa da ludayi, a hankali, tana kallon wani wajen kamar ba ita ba. Daga ƙofar gida zai amsa. Haka take kiran ɗanta. Ba ta da wata hanyar.

Ni a aji uku na sakandare na ajiye karatu, na taho Dutse koyon gyaran rediyo. A shagon na haɗu da abokina. Ya kawo wata rikoda da ke cinye masa kaset, na gyara, muka gwada, sai ga wani irin kiɗa na jitar lantarki yana kurari kamar an taka wutsiyar zaki. Na ce, "Wannan kuma hauka ne ko kiɗa?" Ya ce, "Rok ake ce masa. Zauna ka ji." Na zauna. Ban sake tashi daidai ba.

Mun samo tsohuwar jita a Kano, hannu na nawa ban sani ba. Amfilifaya ni na haɗa da kayan matattun rediyoyi. Sifikar ma yagaggiya ce, kuma yagewar ce ta ba mu irin kurarin da muke ji a kaset, har muna alfahari da ita. Maƙwabta suka ce mun tara musu aljanu, sai muka koma bayan duwatsu muna yi da batirin mota. Ni ke riƙe da jita, ni ke haɗa kiɗa, shi yana da murya da baki. Muka tara suma. Har rigar fata na saya a gwanjo ina sakawa a zafin bazarar Jigawa, gumi na bin bayana, wai ni ɗan rok. In na tuna yanzu sai in ji tausayin wannan yaron.

Baba ya rasu, aka rataye gangarsa. Bayan ’yan shekaru, a wata damina, ruwa ya cika rafin da ke tsakanin ƙauyenmu da kasuwa. An daɗe da alƙawarin gada a wajen. An taɓa zuwa an zube tsakuwa da rodi, aka ɗauki hoto, aka tafi. Ranar kasuwa mutane suka cika kwalekwale, ya kife a tsakiya. Yayana ya iya ruwa, amma wata mata ta ƙanƙame shi, suka tafi tare.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, ba a yi. Masu gaisuwa na zuwa tana amsawa kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Sai bayan an watse, wata rana da la’asar, na shigo na tarar da ita a bakin murhu da ƙwarya a kife, tana kaɗawa da ɗan yatsa. Da ta gan ni sai ta juya ƙwaryar ta zuba tsaki a ciki.

Da na koma Dutse na ɗauki jita, yatsuna suka kama taken da kansu. Abokina ya ji, ya miƙe tsaye. Ya ce, "Mutumina, wannan ita ce waƙar." Na ce ba nawa ba ne, sai an tambayi Inna. Muka hau mota har ƙauye. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, ya yi mata bayani: za mu jera sunayen duk waɗanda ruwan ya ci, don kada a manta, don a ji kunya a yi gadar.

Ta saurare shi har ya gama. Can ta ce, "Ku kaɗa. Amma kada a ɗora sunan wani a kai. Ko ubansu bai taɓa kaɗa wa wani shi ba."

Ya ce, "Inna, ai ni ma ɗanki ne."

Ta ce, "To, Allah ya yi albarka."

Waƙar tana buɗewa da taken, jita ita kaɗai, sannan abokina ya kira sunan yayana, sannan sauran. Amshin kuma, "Ba ruwa ne ya ci su ba, alƙawari ne." Gidan rediyo ya ƙi sakawa. Masu tura waƙa a shagunan cajin waya su suka raba ta, har ta kai ko a tasha ko a wajen mai shayi sai ka ji ta. Na sa wa Inna a ƙaramar wayarta. In na je gida sai ta miƙo min ta ce, "Kamo min abin nan." Ta zauna ta ji ana kiran sunan da bakinta bai taɓa furtawa ba, da ƙarfi, duniya na ji. In ta ƙare ta ce, "Sake."

Ba zan ci haƙƙin abokina ba, a lokacin namiji ne. Shi ya ja matasa muka yi tattaki da ƙafa har sakatariya muna rera ta. Mun yi wasa a makarantun firamare da aka tsugunar da waɗanda ambaliya ta kora. An sha kashe mana wuta muna tsakiyar wasa, sai ya ajiye makirfo ya ci gaba da baki, jama’a na amsawa. An taɓa tsare mu wuni guda, aka aske mana sumar da muke taƙama da ita, shi yana dariya yana ce wa mai askin, "Yallaɓai, a gyara ƙeya." Ni kuwa na sunkuyar da kai har aka gama. Na yarda da shi fiye da yadda na yarda da kaina.

Daga nan aka fara gayyatarsa taro. Kano, Kaduna, Abuja. Shi ake kira, don shi ke da baki da ɗan Turanci. Ni ina shago ina jiran ya dawo mu yi sabuwar waƙa. Ya fara shiga situdiyo ba tare da ni ba, wai kwamfuta tana iya yin jita. Na bar shi. Na ɗauka haka ci gaba yake.

Sai kakar zaɓe ta zo. Wata Juma’a na je gida, ina zaune a tsakar gida Inna na sheƙar gero. Daga nesa muka jiyo shi. Taken, da jita, da ƙarar manyan sifiku, yana matsowa. Na ga hannunta ya tsaya. Ta ajiye faifan, ta miƙe, ta nufi ƙofa ko mayafi babu, matar da ban taɓa ganin ta leƙa zaure haka ba. Na bi bayanta. A-kori-kura ce, an lulluɓe ta da fastoci, samari a baya suna rawa. Taken ya kai daidai inda ake kiran yayana, sai muryar abokina ta kira sunan ɗan takara. Amshin ya koma, "Mai cika alƙawari ya iso."

Kada in yi masa ƙarya, ba ɗan takarar ne ya ci kwangilar gadar ba. Ɗan gidan wanda ya ci ne.

Inna ta tsaya har motar ta wuce. Ta juyo ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ba kai ka kawo shi ba?" Ta koma ta ɗauki faifanta.

Na fita waje na kira abokina a waya. Ya ce, "Haba mutumina, kwantar da hankalinka. Daga waje mun yi ihu mun gaji, me aka yi? In muka shiga ciki, gadar nan ni zan tsaya a kanta."

Na ce, "Ka yi wa Inna alƙawari."

Ya ce, "Zan zo in yi mata bayani. Kuma kai ma ka sani, kiɗa ba shi da mai shi."

Bai zo ba. Mutuminsa ya ci zaɓe, aka ba abokina muƙami da mota. Gadar kuwa, ko jiya da kwalekwale aka tsallaka.

Kafin zaɓen, wata da watanni motar nan tana zagaye ƙauyuka. Yara suka haddace. Jikokin Inna, ’ya’yan mamacin, suna wasa a tsakar gida suna rera sabuwar, ba su san komai ba. Da na sake zuwa sai ta miƙo min wayar, na ɗauka cewa za ta yi in kamo mata. Ta ce, "Cire shi." Na ce, "Inna, ai wannan ta asalin ce, tamu ce." Ta ce, "In ya fara, ban san wa za a kira ba." Na goge. Daga ranar ban sake jin ta taɓa ƙwarya ba, har ta koma ga Allah.

Mutane suna ce min in yi haƙuri, abu ya wuce. Ya wuce ɗin. Ba na neman komai a wajensa. Har yanzu yana fitowa a talabijin, ya bar waccan jam’iyyar, ya koma sa baƙar riga yana zagin gwamnati, ku kuna tafa masa. Ni ina nan ina gyaran sifikun masallatai da na masu biki. Jitar tana saman durowa, tsirkiyoyinta sun yi tsatsa. Abin da ke cina shi ne wannan: gayya ta mutu, makaɗan noma sun ƙare, tsofaffin da suka san taken sun tafi. Yau in ka kaɗa shi a kasuwar garinmu, kowa zai ce maka na wane ne, ɗan siyasar nan. Ko ni da na tashi da shi a kunne, in ya faɗo min a rai, sai na yi kokawa kafin sunan yayana ya riga wancan zuwa. Ban koyi wani darasi da zan ba ku ba. Na dai gane ana iya kashe mutum bayan ya mutu, kuma ba a ɗaure kowa.

Sau ɗaya muka haɗu da abokina bayan nan, a zaman makokin Inna. Da hantsi ya iso da motoci da ’yan rakiya, aka sauke buhunan shinkafa a ƙofar gida. Aka matsa masa a tabarma kusa da ni. Aka shafa fatiha. Ya kamo hannuna ya ce, "Ya haƙuri? Wallahi uwa ce a wajena."

Na ce, "Haƙuri sai ma’aiki. Tun da ka zo, ka haɗa da yayana a addu’ar."

Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Allah ya jiƙansa."

Na ce, "Kama sunansa."

Ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi ’yan rakiyarsa, su ma suka dubi ƙasa. Sai na ga ɗan yatsansa yana bugun gwiwarsa, yana bin taken a zuci don ya kai shi ga sunan. Na ƙyale shi ya bi. Ya kai wajen, leɓensa ya motsa, na ga abin da ya fara fitowa, sunan ɗan siyasar ne. Shi ma ya ji. Ya haɗiye.

Kawuna ya taɓa ni ya ce, "Kai, wajen makoki ne." Na ce, "Na sani, Kawu." Na zare hannuna daga nasa, na yi magana yadda shi kaɗai da na kusa za su ji.

Na ce, "Matar da ka zo wa gaisuwa, abu ɗaya take da shi da take kiran ɗanta, ka durƙusa ka roƙa ta ba ka aro. Ta mutu ba ka mayar ba. Ruwa ya ba mu gawarsa mun binne, kai ko wannan ba ka bar mana ba. Sa a kwashe shinkafarka. In ka tuna sunan, kada ka kira ni. Ka je ka faɗa wa Inna, tana maƙabartar bayan gari."